Furojet ɗin Auta da akwatin da babu a takardar tambayoyinta

Duk wanda ya san harkar shagon buga takardu kusa da jami'a ya san muma muna da kakarmu, wato lokacin furojet, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke cika shago kowa da filas ɗinsa a hannu, kowa kuma nasa ne na gaggawa. Na fi shekara goma ina wannan sana'a a nan Tudun Wadan Gombe, furojet ɗin da na buga ban san adadinsu ba, kuma gaskiya ba karantawa nake ba, in daidaita layi in saka lambar shafi in buga in yi bango a miƙo min kuɗina shikenan. To bana sai Autar gidanmu ta kai ajin ƙarshe, ta zo ta zauna min a shago wai Hamma kai za ka taya ni, kuma kowa ya san aikin Auta ba biya a ciki, har takardar ma tawa ce.

Abin da aka ba ta ta bincika shi ne wai me ke sa sabbin sana'o'i su tsiro su yi ƙarfi a wani gari, a wani garin kuma da an buɗe shago wata shida an rufe. Da ta faɗa min sai da na yi dariya nace ai wannan ba sai an je jami'a ba, jari ne da wuta, rubuta haka ki kai wa malaminki. Tace a'a Hamma, mutane sun yi shekara da shekaru suna bincike a kai, ta tura min wasu takardu kusan ashirin a waya wai in buga mata. Da yake ranar ba wuta kuma na ƙi tada janareto saboda aikin kyauta, sai na zauna ina karanta su a wayar, ina yi ina tambayarta inda turancin ya fi ƙarfina. Yau kusan wata biyu kenan abin bai bar kaina ba, shi ya sa nace bari in rubuta ko na huta.

Masu binciken suna da wata kalma da suka aro daga masu ilimin tsirrai da dabbobi, ma'anarta dai muhalli, yadda ƙasa da ruwa da rana da ƙwari duk suke haɗuwa kafin shuka ta yi. Manomi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, irin da ka shuka a fadamar Dadin Kowa ba zai ba ka abin da zai bayar a kan tsandauri ba ko da buhu ɗaya aka ɗebo shi. Wani malami ɗan Amurka, Daniel Isenberg na kwalejin Babson, shi ya ƙara yayata maganar da wani rubutu da ya yi a 2010, daga baya ya kasa abin gida shida: tsarin gwamnati, kuɗi, al'ada, masu tallafi irin su lauya da akanta, mutane masu sani, sai kasuwar da za ta saya. Ni wannan lissafin bai wani burge ni ba, duk ɗan kasuwa ya sani, dai dai yake da a ce maka miya tana buƙatar gishiri. Abin da na so a maganarsa ɗaya ne, ya ce wa gwamnatoci su daina ƙoƙarin kwaikwayon Silicon Valley, wato yankin nan na Amurka da manyan kamfanonin fasaha suka taru, kowa ya duba abin da yake da shi a gida ya ɗora a kai. Wannan kam na so a ce an rubuta shi da manyan baƙi an manna a ofisoshi da yawa.

Ashe ma maganar ta tsufa. Tun 1890 wani masanin tattalin arziki a Ingila, Alfred Marshall, ya lura cewa masu sana'a iri ɗaya suna taruwa wuri guda, kamar masu ƙera wuƙaƙe na garin Sheffield, kuma idan suka taru sirrin sana'ar ya daina zama sirri, yana yawo ne a iska har yara ma suna tashi da shi ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Mu da muke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ai mun riga shi. Ka je layin masu gyaran waya ka ga yaro ɗan shekara sha biyu da aikinsa kawai a aike shi sayo abinci, bayan shekara biyu ka tarar yana canza sikirin yana gaya maka wannan ta Chana ce wannan orijina ce, babu wanda ya ba shi satifiket. Kuma idan mai gidansa ya rasa wani ƙarfe shago na uku zai leƙa ya karɓo, a biya da yamma. Ka ɗauki wannan mai gyaran ka kai shi wata unguwa shi kaɗai ka ba shi shago mai tayil da fanka kyauta, wallahi ba zai yi rabin cinikin da yake yi a cikin wannan cunkoson ba.

Amma takardar da ta tsayar da ni sosai ba ta Amurka ba ce ba ta Ingila ba, a kanmu aka yi ta. Wani mai bincike Abner Cohen ya je ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da aikinsa a 1969, yana son ya gane yadda aka yi Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu alhali ba banki ba inshora ba takardar yarjejeniya, galibinsu ma ba su yi boko ba. Abin da ya gano shi ne mai gida. Falke zai taso daga Arewa da shanunsa ya sauka a gidan mai gida a Sabo, a ba shi wurin kwana, dillalan mai gidan su nemo mahauta Yarbawa a sayar musu bashi, kuma idan mahauci ya ƙi biya mai gida ne zai tsaya, domin sunansa ne jarinsa, ranar da aka ji ya bari an cinye kuɗin baƙo ranar baƙi za su koma gidan wani. Dillalan kuma sun san kowane mahauci, wa ke biya wa ke da taurin bashi, labari na zagayawa cikin unguwa kafin la'asar. Yaran mai gida su yi masa hidima shekaru, shi kuma ya yi musu aure ya ɗora su a hanya. Ina karantawa ina jin kamar Baffanmu ake siffantawa.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, ya haura shekara arba'in a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe. Tun muna yara muke ganin baƙi a zaurensa, na Kano, na Maiduguri, har Inyamurai masu sayen wake da ba sa jin Hausa sosai. Mutum zai turo kuɗin tirela guda na masara daga Kudu bai taka Gombe ba, Baffa ya saya ya auna ya sa 'yan dako su yi lodi ya sallami direba, la'adarsa kawai zai cire. Na zauna na ƙirga mutanen da na sani da kaina waɗanda suka fara da ɗinkin bakin buhu a gabansa yanzu suna da sito nasu, na samu tara, biyu daga ciki sun fi shi kuɗi nesa ba kusa ba kuma har gobe idan sun zo gaishe shi a ƙasa suke zama. Babu wanda ya taɓa kiran zauren Baffa cibiyar renon sana'a, ba allo a ƙofa, ba a taɓa yanka kyalle an buɗe shi ba, amma duk abin da takardun Auta ke lissafawa yana ciki: jari, horo, kasuwa, wanda zai tsaya maka, wanda zai ja maka kunne. Har Gomben ma an taɓa yi mata irin wannan bincike, wata Baturiya Mary Tiffen ta yi nazarin tattalin arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968, lokacin da auduga da garmar shanu suka ɗaga manoma, mutane suka yi ta ƙaura suna zuwa neman gona. Jirgin ƙasa ya iso a 1963. Unguwar da muke kira BCGA har yau sunan kamfanin audugar ne ya bi ta, yaran yanzu da yawa ba su ma san haka ba.

To sai maganar kuɗi, inda nake da tabbacin ni ne da gaskiya. Eh ina da gaskiya, amma rabi. Kun tuna YouWiN, gasar nan ta ba matasa jarin sana'a ta zamanin Jonathan, wadda aka fara a 2011? Ni a lokacin ban ma nema ba don na ɗauka irin abin nan ne na sai kana da wani a sama. Ashe wani mai bincike na Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi diddigin abin shekaru. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka ba 1,200, kowa ya samu abin da ya kai kimanin dala 50,000 idan aka raba dai dai, kuma ba bashi ba ne kyauta ce, ana bayarwa kashi kashi ana duba ko kana aikin. Inda abin ya yi daɗin bincike shi ne, daga cikin mutum 1,841 da suka kai matakin kusa da ƙarshe an zaɓi 729 ta hanyar ƙuri'a, wato ba wayo ba sani ba, sa'a kawai, saboda haka ana iya gwada waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba tunda tun farko kusan ɗaya suke. Bayan shekara uku, a cikin masu sabuwar sana'a, waɗanda suka samu kuɗin sun fi sauran da mutum 37 cikin kowane 100 wajen kasancewa suna gudanar da kasuwanci, sun kuma fi su da mutum 23 cikin 100 wajen samun ma'aikata goma ko fiye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yawancin sana'o'i mutum ɗaya ne da yaronsa. Maganar da ake yawan yi cewa ɗan Najeriya idan ka ba shi kuɗi aure zai ƙara, to ga shi an gwada an gani, akasari aiki suka yi da shi.

Sai dai ku lura da girman kuɗin, da kuma cewa sai da aka tace mutane suka rubuta tsarin kasuwancinsu aka ba su horo kafin a kai ga ƙuri'ar. Wannan daban yake da abin da muka saba gani, a tara mata da matasa a fili tun safe cikin rana, a yi jawabi, a miƙa keken ɗinki ko injin markaɗe a ɗauki hoto. Akwai maƙwabciyarmu da ta samu keke a irin wannan taro, ba ta taɓa taka keke ba a rayuwarta, ƙosai take soyawa shekara ashirin, abin da take so a ba ta buhun wake da jarkar mai. A bakin ƙofar wurin taron ta sayar da shi, masu saye na nan tsaye suna jira da kuɗi a hannu don sun san yadda ake yi. Ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, ba wanda ya tambaye ta.

Ƙaramin jari ma yana aiki fa idan ya faɗa hannun mai sana'ar da ya riga ya iya. A Siri Lanka an raba wa masu ƙananan sana'o'i dala 100 ko 200, aka ga ribar da kuɗin ke jawowa ta kai wajen kashi 5 cikin 100 a wata, abin da ya fi kuɗin ruwan banki. Amma a wurin mata kusan ba a ga ƙarin komai ba, kuma Auta tace wannan ya dami masu binciken sosai. Nace da sun tambayi Goggo da ta gaya musu, kuɗin mace a gida na kowa ne, yaro ba lafiya ita, mai gida ya fita bai bar cefane ba ita, biki ita, uwar kuɗin ma da kyar take tsira balle riba. Shi ya sa matanmu ke son adashi, ba don yana ƙara kuɗi ba, don yana ɓoye su daga hannun mutane har su taru. Mu kuma a nan akwai ƙarin wata matsala da takardun Turawa ba su cika taɓowa ba, mutane da yawa ko an buɗe musu ƙofar banki ba za su karɓi bashi mai ruwa ba, Baffa ko a mafarki. Bankunan da ba sa karɓar ruwa sun zo, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, an samu sauƙi, amma mai shago irina da ba shi da takardar fili har yanzu bashin da ya fi samu shi ne na dila, ya ba ka kaya ka sayar ka kawo.

Horo kuwa, kai, nan ma an gwada. A Lome ta ƙasar Togo an ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu irin darasin da muka sani, rubuta shiga da fita, talla, lissafi. Kashi na biyu aka koya musu wani abu daban da masana halayyar ɗan adam suka tsara, yadda mutum zai riƙa fara abu da kansa ba sai an tura shi ba, ya hango matsala kafin ta zo, ya nemi abin da zai bambanta shi da na kusa da shi. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Aka bi su shekara biyu, sakamakon ya fito a 2017: 'yan kashi na biyu ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, masu darasin gargajiya kuwa kashi 11 ne kuma masu binciken ma sun ce ba za a iya rantsuwa a kansa ba. Na tuna wani taron horo na kwana uku da na taɓa zuwa a otal, abin da na dawo da shi jaka ce da biro da kuɗin mota, mai koyarwar kuma da ka gan shi ka san bai taɓa sayar da ko ashana ba.

Yanzu bari in zo inda abin ya taɓa ni ni kaina, don kada ya zama ina ta nuna wasu da yatsa. A garin Nanchang na ƙasar Sin wasu masu bincike biyu, Jing Cai da Adam Szeidl, sun yi aiki da kamfanoni 2,820 ƙanana da matsakaita. Ba su ba kowa ko sisi na jari ba, abin da suka yi kawai sun haɗa wasu daga cikin masu kamfanonin rukuni rukuni, kamar mutum goma goma, suna haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara guda, yau a kamfanin wannan gobe a na wancan. Cinikin waɗanda ke zaman ya ƙaru da kashi 8 cikin 100 a kan na waɗanda ba sa yi, sun samu sabbin masu saye da masu kawo musu kaya, kuma shekara guda bayan an daina taron amfanin bai gushe ba. Zama kawai fa. Sannan suka yi wata dabara, suka sanar da wasu labarin wani tallafi don su ga ko za su gaya wa 'yan rukuninsu, sai aka ga inda 'yan rukunin abokan gasa ne labarin ba ya yawo sosai, kowa ya danne.

Da na kai nan sai da na ajiye wayar. Mu masu shagon buga takardu a layinmu mun kai goma sha biyar, muna sallah a masallaci ɗaya, muna zama majalisa ɗaya da daddare, za mu yi awa uku muna musun siyasa da ƙwallo amma ban taɓa gaya wa kowa inda nake sayen tawada da sauƙi a Kano ba, kuma na san akwai wanda ya san mai gyaran fotokwafi na kirki shi ma bai taɓa faɗa ba, sai dai in ga injinsa ya tashi nawa na kwance sati biyu. Rowar sani ce zalla, kuma ina cikin masu yinta. Abin da Baffa ke yi wa yaransa ba ma yi wa junanmu. Ina ganin nan ne tsarinmu na mai gida yake da rauni, yana tafiya daga sama zuwa ƙasa lafiya lau, mai gida ya ɗaga yaro, amma tsakanin tsara da tsara sai ɓoye ɓoye. Wani mai gidan ma ba ya son sallama, yaro ya shekara goma sha biyar yana wanke masa shago, ranar da yace zai buɗe nasa ya zama butulu. Sannan ga kwaikwayo, da an ga mutum ɗaya ya buɗe POS yana samu kafin wata uku rumfa takwas a jere, duk mu raba ɗan cinikin mu talauce tare, ba mai tunanin to ni bari in riƙa kawo musu takardar rasit ko in riƙa gyara musu na'urar.

Wata malama AnnaLee Saxenian ta kwatanta wurare biyu a Amurka a 1994, yankin Boston da Silicon Valley ta Kalifoniya, dukkansu suna da manyan jami'o'i da kuɗin gwamnati da injiniyoyi, amma Silicon Valley ta wuce Boston. A Boston kowane kamfani ya rufe ƙofarsa yana yin komai a cikin gida, a Kalifoniya kuwa ma'aikata na tsalle daga wannan kamfani zuwa wancan da abin da suka sani, suna hira da abokan gasa bayan an tashi aiki, dokar jihar ma ba ta yarda mai kamfani ya ɗaure ka da sharaɗin ba za ka yi wa abokin gasarsa aiki ba. A can Kalifoniyar mutum takwas suka bar mai gidansu a 1957 suka kafa kamfanin kayan lantarki na Fairchild, daga cikin Fairchild ɗin biyu suka fita suka kafa Intel a 1968, haka aka yi ta haihuwa. Idan ka cire turancin sallama ce kawai, sallamar da ba a yi fushi ba ko an yi fushin bai hana komai ba. 'Yan Nnewi ta jihar Anambra ma da haka suka tashi, yaro ya yi wa mai gida hidima shekaru a sallame shi da jari, masu sayar da kayan gyaran mota suka koma ƙera su a shekarun 1980 da injinan da suka samo ta hannun abokan cinikinsu na Taiwan, suka haƙa rijiyoyinsu suka sayi janaretonsu ba su jira kowa ba. Yau a garin ake haɗa motocin Innoson.

Ba ina cewa gwamnati ba ta da aiki ba ne, kada wani ya fassara ni. Gombe ta zo ta ɗaya a jerin jihohin da suka fi sauƙin kasuwanci a 2021 da kuma 2023, an fara gina rukunin masana'antu a Dadin Kowa kusa da dam ɗin da ke ba da megawat 40, ga mu a tsakiyar Arewa maso Gabas mun yi iyaka da Borno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauchi duka, ga jami'ar jiha tun 2004 ga ta Kashere tun 2011. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, an sa hannu a dokar sabbin kamfanonin fasaha a 2022 lokacin ɗan garin nan Pantami yana minista. Duk alheri ne. Ko Yaba ta Legas da ake ta misali da ita wajen kamfanonin fasaha, CcHUB, wurin renon irin waɗannan kamfanoni da aka buɗe a 2011, bai isa shi kaɗai ba sai da aka ja wayar intanet mai ƙarfi a unguwar, kuma akwai jami'a da kwalejin fasaha da kasuwar mutum miliyoyi a gefe tun kafin nan. Abin da nake cewa shi ne gini shi ya fi komai sauƙi, shi ake iya ɗauka a hoto. Masu casar shinkafa da masu matsar man gyada na garin nan ba wanda ya zana su a takarda kafin su taru, sun taru ne don gyada da shinkafa na shigowa kuma wani ya koya a wurin wani, abin da suke nema a sani yake, wuta tsayayya da hanya da wurin shanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai sana'ar da ke dogara da janareto ya san yadda lissafinsa ya koma, ni kaina sai da na sayar da babur na haɗa sola ƙarama, ita ma firinta kawai take ɗauka, fotokwafi sai an kawo wuta.

Sati uku da suka wuce na kira mutum huɗu a layinmu bayan isha'i nace mu haɗa kuɗi mu riƙa sayo takarda kwali kwali daga Kano a mota ɗaya maimakon kowa ya saya rim rim a nan. Sai da na fara faɗin sunan dilana da farashinsa a gabansu kafin kowa ya saki jiki, kuma ba zan ɓoye ba da na faɗa sai da na ji wani abu ya tsaya min a wuya kamar na ba da makullin shagona. Uku sun yarda, ɗaya yace zai yi shawara, har yau yana shawarar. Mai gyaran fotokwafin dai na samu lambarsa a daren.

Ita kuwa Auta ta gama babi na biyu ta shiga raba takardar tambayoyi, kwafi 120 na buga mata, kyauta dai kamar kullum. Nace ta fara da Tudun Hatsi, na raka ta wurin Baffa ranar Asabar da safe, ta durƙusa ta gaishe shi ta ce Baffa tambayoyi ne na makaranta, yace to bismillah 'yar boko. Tana karantawa tana fassara masa, shekarunsa nawa a sana'a, ma'aikata nawa, ya yi rajista ko bai yi ba, har ta zo kan tambayar daga ina ka samu jarin farawa, akwatuna huɗu ne: banki, gwamnati, ƙungiya mai zaman kanta, ajiyar kanka. Baffa yace sake karantowa. Ta sake. Yace babu nawa a ciki, ni mai gidana Allah ya jiƙansa buhu ashirin na gero ya ba ni yace in na sayar in kawo uwar kuɗin, ina akwatin mai gida? Tace Baffa babu, sai dai in saka maka a ajiyar kanka. Yace a'a kada ki rubuta min ƙarya, ban ajiye komai ba, ko takalmin kirki ba ni da shi a lokacin. Ya kira biyu daga cikin yaransa na da waɗanda sitonsu ke kusa, su ma ta tambaye su, duk amsar ɗaya, sai dai su mai gidan nasu yana zaune a wurin yana jan carbi.

A Keke Napep muna dawowa ta yi shiru can tace Hamma kenan sai an sake buga takardun nan gaba ɗaya. Nace sai dai ki fara kai wa malaminki ya yarda a ƙara akwatin, kuma wannan karon ke za ki sayi rim ɗin. Tace za ta gaya wa Dada. Ranar Litinin ta dawo da sa hannun malamin, akwati biyu ma ya sa aka ƙara, mai gida da adashi, na buga 120 ɗin da takardar da muka haɗa kuɗi muka sayo daga Kano, tsofaffin kuma suna nan ƙarƙashin tebur ina yanka bayansu ina rubuta rasit.